Har Ƙarar Tsintsiyar Gidanmu Nake Kewa

TAMBAYA

  

Ni budurwa ce 'yar shekara 24. A Nassarawa GRA aka haife ni, a nan na girma, ko jami'a daga gida na yi ta. Ban taɓa yin wata guda a wajen Kano ba sai bana, da na zo Manchester yin digiri na biyu. A watan Satumba na sauka, yanzu ga mu a Disamba. Karatu lafiya lau, wuta ba ta ɗaukewa, ruwa ba ya yankewa, babu wanda ya taɓa yi mini kallon banza. Amma wallahi Anti ba na jin daɗin raina.

Abin da ke ba ni kunya shi ne ƙanƙantar abubuwan da nake kewa. Da Mama da Abba ne, da na ce dole ne, su kuma kullum muna waya. Buta nake kewa. Shanya a rana, da ƙamshin kayan da rana ta busar. Ƙarar tsintsiyar Baba maigadi, wani dattijon Buzu da ya fi shekara ashirin a gidanmu, in yana share ganyen darbejiya da sassafe. Kiran sallar asuba daga masallatai uku ko huɗu, wani na idarwa wani na farawa. Ɗumamen tuwo da man shanu. Gurasa bandashe. Ranar nan na kunna turaren wuta a ɗakina, na'urar gano hayaƙi ta ɗauki kuwwa, aka fito da mutanen benen gaba ɗaya waje cikin sanyi. Da na koma ɗaki kuka na yi kamar an aiko mini da mutuwa. Ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu. Nakan yi kwana uku ban yi magana da kowa baki da baki ba.

Ba zan iya faɗa wa Abba ba. Na san abin da ya sayar kafin ya haɗa kuɗin makarantar nan, a lokacin da fam ɗaya ya haura naira dubu biyu. Da na ɗan taɓa wa yayata zancen, cewa ta yi in gode wa Allah, mutum nawa ne ke neman wannan dama ba su samu ba. Kuma gaskiya ta faɗa. To Anti, butulci nake yi? Ko sangartar 'ya'yan GRA ce da ake yi mana gori da ita? Kuma abin yana wucewa, ko haka zan ƙare shekarar?

Taki, wata 'yar Nassarawa GRA, daga Manchester.

AMSA

 Sau biyu na karanta wasiƙarki, a na biyun kuma na daɗe a kan tsintsiyar nan. Bari in fara sauke miki kayan da suka fi danne ki, wato zancen butulci.

Lokacin da Musulmi suka yi hijira, Madina gari ne mai zazzaɓi, kuma ya kwantar da Sayyidina Abubakar da Bilal, Allah ya ƙara musu yarda. Nana A'isha ce ta je duba su, ita ta ba da labarin, yana nan cikin Bukhari. Idan zazzaɓin ya ɗan saki Bilal sai ya ɗaga murya yana begen Makka. Abin da yake ambata kuwa ciyayin kwarinta ne, irin su izhir mai ƙamshi, da ruwan wani wuri da ake kira Majanna, da wasu duwatsu biyu da ya saba hangowa. Ki tuna wace Makka ce wannan a wurin Bilal. Garin da aka kwantar da shi kan rairayi mai zafi aka ɗora masa dutse a ƙirji. Ga shi ya samu aminci a Madina, yana kusa da Manzon Allah, amma ciyawar can da ruwan can suna cin ransa. Da labari ya kai ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai tuhumi Bilal da rashin godiya ba. Addu'a ya yi, Allah ya sanya musu son Madina kamar yadda suke son Makka ko fiye, ya ba garin lafiya, ya sa albarka a mudunsa. In Bilal ya yi kewar ciyawa, ke don kin yi kewar buta ba ki saɓa wa kowa ba. Yayarki ba ta yi ƙarya ba, sai dai amsar wata tambayar ta ba ki, ba wadda kika yi mata ba.

Kada ki yi mamaki don ƙananan ne suka fi cizo. Manyan kin yi musu shiri. Kin san za ki rabu da Mama, kin yi kukanki a filin jirgin Malam Aminu Kano, an yi addu'a, an yi sallama. To wa ya taɓa yin sallama da igiyar shanya? Ba ki ma san kina da ita ba sai ranar da kika tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu kina neman inda za ki rataye shi.

Ni ma na ɗanɗana. A farkon shekarun 1990 na bi maigidana Ingila da ya je ƙaro karatu, muka yi shekara uku a wani gari da bai fi tafiyar awa ɗaya a jirgin ƙasa daga inda kike ba. Ba mu da wayar hannu a lokacin, wasiƙa kuma sai ta yi mako biyu ko uku a hanya. Mahaifiyata ba ta rubutun boko, saboda haka kaset take yi mini. Ƙanena ya ajiye rikoda a tsakar gida, ta zauna kan tabarma ta yi ta zuba: wance ta haihu, wane ya rasu, an ɗaga bikin wance sai bayan Sallah, ki riƙe ibada, ki yi haƙuri da mijinki. In an samu mai tahowa a ba shi. Kaset ɗin farko na saurare shi har na haddace maganarta. Daga nan na lura na daina bin maganar, abin da ke bayanta nake kasa wa kunne. Akwai wurin da ake jin lugude daga gidan maƙwabta, taɓarya biyu, ɗaya na sauka ɗaya na tashi. Akwai inda akuya ta yi kuka. Akwai inda wata yarinya mai talla ta yi sallama daga zaure, Inna ta katse zancenta ta ce "a kai kasuwa", ta ci gaba da ba ni labari kamar ba a yi komai ba. Wannan wurin na riƙa mayarwa baya har zaren ya tsinke, na liƙe shi da jan farce. Saboda haka da kika ce tsintsiya, na san abin da kike nufi.

Sai batun sangarta. Ba zan kira shi da wannan suna ba, domin ɗan ci-ranin da ya baro ƙauyensu yana kwana a rumfa a Legas shi ma ciwon nan yake yi, kuma babu wanda ya sangarta shi. Amma tunda tsakani da Allah kika tambaye ni, akwai gaskiyar da ke maƙwabtaka da wannan gori, ina so ki dube ta. Sake karanta abin da kika lissafo. Kusan kowanne aikin hannun wani ne. Kayan da suka sha rana, wani ya wanke ya shanya ya goge. Tuwon da kika ɗumama, wata ta tuƙa shi da daddare, man shanun kuma wata Bafulatana ta kaɗa, ta ɗauko a ka tun daga ruga. Gurasar nan, wata mata ce a cikin gari ta tashi kafin asuba ta hura tanderu. Ladani ya fito cikin hunturu kina cikin bargo. In wuta da ruwa ne, Manchester ta fi Kano nesa ba kusa ba. Abin da Kano ta tara wa mutum, musamman a unguwa irin taku, shi ne yawan hannuwan da ke kewaye da shi. Ƙasar da kika je ladan ɗan Adam tsada gare shi, sai suka maye gurbin hannuwan da inji: injin wanki, injin karɓar kuɗi a kanti, waya ce ma ke kira miki sallah. Inji zai yi aikin, wani lokaci har ya fi tsafta, amma ba zai ɗago kai ya ce "Hajiya ƙarama, an tashi lafiya?" ba. Shi ya sa kike da komai amma ɗakin yake miki kamar kango.

Mu tsaya a kan Baba maigadi. Buzaye sun daɗe suna zuwa Kano da ayarin gishiri, amma yawaitarsu a ƙofofin gidaje ta biyo bayan farin 1973 zuwa 1974 ne, da wanda ya sake afkawa a 1984, lokacin da dabbobi suka ƙare a ƙasashen Agadas da Tawa, mai garken raƙuma ya wayi gari ba shi da ko akuya. Kin taɓa duban abin da ke gefen bencinsa da kyau? 'Yar butar shayi, ƙaramin murhun waya, kofunan gilashi 'yan mitsi-mitsi, da rediyo. Ya hura gawayi, ya tafasa, ya ɗaga butar sama ya tsiyaya har kumfa ta taso, ya mayar, ya sake. Zagaye uku, na farko da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi. Da yamma 'yan uwansa na gidajen layin su hallara, su gyara rawani, su juya harshe zuwa nasu. Shayin da za a haɗa cikin minti biyar, shi sai ya ba shi awa biyu, kuma da gangan. Mutumin nan baƙo ne a ƙasar wasu kamar yadda kike yau, ya bar sararin da ido ba ya ganin ƙarshensa ya zo ya zauna tsakanin katanga da ƙyaure. Fiye da shekara ashirin yana jinyar kewarsa a ƙofar gidanku, kina wucewa ta gabansa a mota. Ban faɗi haka don ki ji kin yi laifi ba. Na faɗa ne don ki san a gaban malamin abin kika taso.

Unguwar taku ma masu kewar gida ne suka zana ta. Bayan Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903, a wajen ganuwa suka zauna, wajajen Nassarawa da Bompai. Dokar tsara garuruwa ta 1917, ta zamanin Gwamna Lugga, ta ce a bar filin da ba gini na yadi 440 tsakanin mazauninsu da na 'yan ƙasa. A cikin wannan keɓewa suka shimfiɗa abin da suka baro: gida a tsakiyar fili da lambun furanni, kulob na hira, filin golf, filin sukuwa. Kano Club da titin Race Course shaida ne har gobe. Wariya ce, ba na yabonta. Amma a cikinsu an samu wanda ya bi wata hanyar, Hanns Vischer, haifaffen Suwizalan, wanda ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909. Ya ji Hausa har aka sa masa Ɗan Hausa, ya zauna a gidan ƙasa ginin maginan Kano, wanda har yau ake kira Gidan Ɗan Hausa. Ita kanta darbejiyar da Baba ke share ganyenta, asalinta Indiya ne, a zamanin Turawa ta shigo mana. Gurasa kuwa Larabawan da suka zauna cikin birni ne suka zo da ita, har sunan nasu ne. Wani baƙo ne ya yi kewar abincin garinsu ya gina tanderu a Kano, ga shi yau ita kike wa hawaye a matsayin abincin gida.

Mu Hausawa kuwa wannan gadonmu ne. Fataken da suka bi hanyar Gwanja neman goro, duk inda suka yada zango sai ka ga masallaci, mai masauki, mahauci da mai tuwo. Shi ya sa a Gana yau mutane da yawa ke karyawa da kokon Hausa da ƙosai, shinkafa da wake ta zama waakye, tuwo kuma suna ce masa tuo zaafi. Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan, tun 1916 take. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu a Sudan, garin da ke amsa sunansa har yanzu. In kin je Kartum kika ji ana sayar da agashe, naman da aka barbaɗe da yajin ƙuli, kalmarmu ce da sana'armu. Mutanen nan da yawansu ba su sake ganin gida ba, ke kuwa shekara guda ce. Abin da nake so ki ɗauka a wurinsu shi ne ba su zauna jiran kewa ta wuce ba. Da ita a ƙirji suka haƙa murhu.

To ki fara da buta, gobe in Allah ya kai mu. Shagunan 'yan Pakistan da Bangaladash na Longsight, da na titin Wilmslow a Rusholme, da na Cheetham Hill suna sayar da ita, 'yan Pakistan lota suke ce mata. In kin shiga kada ki fito da wuri, domin rabin Kasuwar Rimi na nan a ciki da wasu sunaye. Garin gero shi ne bajra, na dawa jowar, tsamiya imli. Akwai ɗanyar kuɓewa, citta, kanumfari, da soyayyen man shanu a gwangwani wanda suke kira ghee. Ki narka shi da 'yar albasa, za ki ji ya matso kusa da namu. Wajen 'yan Sudan zoɓo karkade ne, busasshiyar kuɓewa kuma weka. Shagunan 'yan Najeriya na Moston Lane suna da manja, da kanwa da sunan kaun, da daddawar Yarabawa, iru, wadda ba a kirɓa ta aka busar kamar tamu ba, amma kalwa ɗaya ce. Gajeriyar shinkafar da Turawa ke dafawa da madara da sukari tana yin tuwo mai kyau. Da garin bajra da tsamiya, kunu bai fi miki minti goma sha biyar ba. Fura ma tana yiwuwa: ki kwaɓa garin da kayan yaji, ki cura, ki dafa, ki dama da yogot marar zaƙi. Ba za ta kamo ta Bafulatana ba, amma da babu gara ba daɗi.

In an samu mai tahowa, a aiko miki da kuka, yaji, daddawa da garin ɗanwake, busassu, a ɗaure da kyau, in an tambaye shi a filin jirgi ya faɗi abin da ya ɗauko. Amma ki hana Mama saka kilishi, dambun nama ko man shanu. Dokar Birtaniya ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga ƙasashe irin tamu. Ƙwacewa za a yi, kuma a jawo wa bawan Allah tsaiko a banza.

Zancen turare kuwa, ina roƙonki da Allah kada ki bi shawarar masu cewa a rufe na'urar da leda ko safa. Ɗakunan can a toshe suke ruf saboda sanyi, gawayi kuma yana fitar da wata iska marar wari marar launi da ke kashe mutum cikin barci. Tsakar gidanmu a buɗe take, shi ya sa muke hura kasko ba fargaba. Ki koma ga humra da kwalacca, ki shafa a gefen labule da matashin kai. Ƙamshin da kike nema zai zauna a ɗakin ba tare da hayaƙi ba.

Duhun da kika ambata ba raki ba ne, kuma a nan jikinki ne ke magana. Kano tana kan digiri 12 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, shi ya sa tsawon yininmu bai cika bambanta da fiye da awa ɗaya da rabi ba duk shekara. Manchester tana kan digiri 53. A ƙarshen Disamba yininta kamar awa bakwai da rabi ne, rana ta fito bayan ƙarfe takwas ta faɗi kafin huɗu, Azahar da La'asar da Magariba duk su shige cikin awa huɗu. Shekara 24 jikinki yana saita barcinsa da yunwarsa da walwalarsa da ranar Kano, ba zai sake saiti cikin wata uku ba. Hukumar lafiyarsu, NHS, tana ba kowa shawarar shan bitamin D, mikirogiram 10 a kullum, daga Oktoba zuwa Maris, masu duhun fata da masu rufe jiki irinmu kuma duk shekara. Yana nan a kowane kantin magani, ba tsada. Ki kuma tilasta wa kanki fita da hantsi ko da gari ya yi hadari, ki zaga Whitworth Park ko Platt Fields na rabin awa. Daga 22 ga Disamba yini zai fara ƙaruwa kaɗan-kaɗan. In an tura agogo gaba a Lahadin ƙarshe ta Maris za ki ga Magariba ta wuce bakwai da rabi, a watan Yuni kuwa yinin ya kai awa 17. Amma in kika ga mako biyu sun wuce ba ki iya barci ko ba ki iya tashi, abinci ya fita ranki, karatu ya gagara, ko wani mugun tunani yana zuwar miki, ki je wurin likita ba tare da jinkiri ba. Kuɗin lafiyar da aka biya tare da bizarki, fam 776 na kowace shekara, don irin wannan ranar ne. Neman magani bai rage wa kowa tawakkali ba.

Duk cikin wasiƙarki, kwana ukun nan da kike yi ba magana su suka fi tsaya mini a rai, kuma su ne babu kantin da ke sayar da maganinsu. A gida mutane ne ke zuwa su same ki: 'yan uwa, masu aiki, baƙin Mama, mai kitso, mai kawo nono. Ba ki taɓa fita neman wanda za ki gaisar ba. A can kuwa in kin zauna jira, shekarar za ta ƙare ba wanda ya ƙwanƙwasa, ba don mugunta ba, su a wurinsu barin mutum shi kaɗai girmamawa ne. Zumunci a ƙafa yake, yanzu kuma ƙafar taki ce. Ranar Juma'a ki je masallaci, ko babban na Victoria Park ko wanda ɗalibai ke haɗuwa. In an sallame kada ki zari takalmi. Ki miƙa wa ta kusa da ke hannu, 'yar Somaliya ce ko 'yar Gambiya ko 'yar Malesiya, ki tambayi sunanta, mako mai zuwa ki kira ta da shi. Ranar Lahadi ki dafa fiye da cikinki. Maƙwabtan nan da aka fitar cikin sanyi saboda turarenki, ki soya ƙosai ki kai musu da ban haƙuri, kin samu dalilin sallama ke nan. Ki nemi 'yan arewa da ke garin, suna nan, ki yi wa wata kitso ta yi miki. Hannuwan da kika baro ba za su biyo ki ba, amma akwai yarinyar da ta sauka a watan da kika sauka, tana wani ɗaki tana irin kukanki, ke ce za ki zame mata hannu.

Sai dai kada ku taru ku ja wa kanku yadi 440 irin na Turawan Nassarawa, ku ƙare shekara ba ku san kowa ba sai junanku. Wayar gida ma a yi mata lokaci. Wadda ke kwana tana bin hotunan bikin da ake yi a Kano a Instagram, gangar jikinta ce kawai a Ingila, kuma ba ta halarci bikin ba.

Abba ki bar shi tukuna in kina ganin zai shiga damuwa, amma ki faɗa wa Mama. Ina tabbatar miki ta riga ta ji a muryarki, jira take ki buɗe baki. Ita ma an taɓa ɗaukar ta daga ɗakin uwarta aka kai ta gidan da ba ta san inda ake ajiye ludayi ba. Al'adarmu ba ta taɓa kiran kukan amarya butulci ba. Hasali ma tanadi ta yi masa: a haɗa ta da 'yar zaman ɗaki, a bi ta da gara, 'yan uwa su yi ta zarya har ta saba. Ke an kai ki inda ya fi kowane gidan miji nisa, ba 'yar zaman ɗaki ba gara. Ki ce mata, "Mama, karatu lafiya, ba dawowa nake son yi ba, kewa ce kawai take damuna." Za ki ji abin da za ta ce, kuma za ta san abin da za ta ɗaure miki a ƙullin gaba.

Ko yana wucewa? Yana sauƙi, wannan na gani a kaina da kan mata da yawa. Nawa ya fara sakina ne da yini ya tsawaita, na kuma samu wata maƙwabciya 'yar Sudan da muke musayar kwano. Amma akwai ranakun da zai dawo sabo, babbarsu ranar Sallah. Ke da kika saba jin algaita da tambura na Hawan Nassarawa daga tsakar gidanku, za ki wayi gari ki ga kowa ya kama hanyar aiki kamar kowace rana. Ki yi mata shiri tun da wuri. Ki nemi izinin fashin aji, ki sa lalle da daddare, ki ɗaura atamfarki a ƙarƙashin rigar sanyi, ki je sallar Idi da ake yi a filin Platt Fields, ki kuma tabbata tukunyarki ba ke kaɗai za ki ci ba.

Wannan Juma'ar in kin kira gida, ki ce a kai wa Baba wayar ƙofar gida. Ki gaishe shi gaisuwa cikakkiya, ki tambayi iyalinsa, da sunan garinsu, da yaushe rabonsa da can. Ki tambaye shi yadda ya yi da shekararsa ta farko a Kano, da irin ganyen shayin da yake saye, domin koren shayin nan na Sin akwai shi a shagunan Larabawa na titin Wilmslow, har da 'yar butar da kofunan. Ki rubuto mini abin da ya ce miki. Allah ya ba da sa'ar karatu, ya dawo mana da ke lafiya.